Me Ya Sa Lasifikar Gida Ke Ƙin Aiki a Wi-Fi ɗin Jami'a?

Ɗalibi ya samu gurbin karatu a wata jami'a a Ingila ko Amurka ko Malesiya, an ba shi ɗaki a hostel, ya tattara 'yan kuɗinsa ya sayi lasifikar Sonos ko Google Nest don ya riƙa sauraren karatu da asuba, ko labarai, ko waƙa idan ya dawo daga lacca. Ya fito da ita daga kwali, ya jona ta a wuta, fitilarta ta fara ƙyaftawa. Ya buɗe manhajarta a waya, manhaja ta ce ya zaɓi Wi-Fi. A nan ake yin ta. Ko dai sunan Wi-Fi ɗin makarantar ya ƙi fitowa a jerin sam, ko ya fito amma gurbin kalmar sirri kaɗai aka ba shi, babu inda zai rubuta sunan shigarsa na ɗalibi. Wani kuma ya yi sa'ar tsallake wannan mataki, lasifika ta hau intanet, amma wayar da ke ajiye a tebur ɗaya da ita ta ce ba ta ga wata lasifika ba.

Abu na farko da yake zuwa ran mutum shi ne an sayar masa da lalatacciya. Wasu har su mayar kanti a canza musu, su dawo su tarar da abin da suka bari. Lasifikar lafiyarta ƙalau. An ƙera ta ne a kan zaton cewa duk wanda yake kan Wi-Fi ɗaya da ita ɗan gida ne. Ita kuwa jami'a ta gina nata layin ne a kan zaton cewa dubban mutanen da ke kansa ba su san juna ba, kuma bai kamata na'urar wani ta taɓa ta wani ba. Daga wannan saɓanin matsaloli biyu suke fitowa, kuma ba iri ɗaya ba ne: akwai matsalar shiga layin, akwai ta ganin juna bayan an shiga. Yawancin asarar kuɗi da ɓacin ran da ake yi, daga cakuɗa su yake zuwa, mutum ya magance ta farko yana jiran ta biyu ta warware da kanta.

Mu fara da shiga. Wi-Fi ɗin gida yana da kalmar sirri guda ɗaya, wadda maigida da yara da baƙon da ya zo yini duk suke amfani da ita. Wannan tsarin shi ake kira WPA2-Personal, kuma shi ne abin da kusan kowace lasifika ta iya. Jami'a ba za ta iya aiki da haka ba. Kalmar sirrin da ɗalibai dubu ashirin suka sani ta tashi daga sirri, kuma ranar da aka kori mutum ɗaya ko ya kammala karatu, sai an canza wa kowa kafin a hana shi shiga. Shi ya sa suke amfani da WPA2-Enterprise, wanda ya dogara da ƙa'idar 802.1X. A nan kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. Na'urar Wi-Fi ɗin da ke maƙale a silin ɗin baranda ba ita ke yanke hukunci ba. Tana miƙa bayanan mutum ne ga wata saba da ake kira RADIUS, ita ta duba rajista ta ce a bar shi ko a hana shi. Kowace waya kuma tana samun mabuɗinta na ɓoye saƙo daban da na maƙwabciyarta.

Mafi shahara cikin irin waɗannan layuka shi ne eduroam. Klaas Wierenga, wani ma'aikacin SURFnet, cibiyar da ke kula da layin sadarwar jami'o'i a ƙasar Holan, shi ya kawo shawararsa a 2002, yau kuma yana aiki a ƙasashe fiye da 100, ciki har da jami'o'in Kenya da Afirka ta Kudu. Kyansa shi ne ɗalibin da ya saita shi sau ɗaya a makarantarsa, idan ya je taro a wata jami'a a wata nahiya, wayarsa za ta hau da kanta, domin ana mayar da tambayar tantance shi ne can makarantarsa ta asali. Abu ne mai matuƙar amfani, ina ganin yana cikin mafi kyawun abubuwan da jami'o'in duniya suka haɗu suka yi. Sai dai an tsara shi ne don kwamfuta da waya, na'urorin da suke da allo da madannai, waɗanda za su iya karɓar sunan shiga, su kuma duba takardar shaidar saba don tabbatar da cewa ba ɗan damfara ne ya kafa Wi-Fi mai irin sunan ba.

Lasifika ba ta da allo. Amma gaskiyar magana ba rashin allon ne kaɗai ba, domin da kamfanonin sun so, da sun bari a shigar da bayanan ta manhajar waya kamar yadda ake shigar da kalmar sirri. Ba su ga riba a ciki ba ne, tunda kasuwarsu gidaje ce. Sonos ta faɗa a fili cikin sharuɗɗan kayanta cewa ba sa aiki da layin Enterprise, haka ma Google game da lasifikokinta da Chromecast, na'urarta ta tura bidiyo da sauti daga waya zuwa talabijin.

Akwai kuma ɗaya nau'in ƙofar, wanda aka fi gani a layin baƙi na makarantu da otal-otal da filayen jirgi: ka hau Wi-Fi ba tare da kalmar sirri ba, sai wani shafi ya buɗe ya ce ka rubuta sunanka ko ka danna cewa ka amince da sharuɗɗa. Lasifika ba ta da burauza da za ta nuna shafin, ba ta da yatsan da za ta danna. Za ta nuna ta haɗu da Wi-Fi, amma ba abin da zai wuce. Apple ta ɗan sassauta wannan a 2022, lokacin da sabunta manhajar lasifikarta HomePod mai lamba 15.4 ya ba da damar a cike irin wannan shafi ta iPhone a madadin lasifikar. Yawancin sauran har yanzu a bakin ƙofa suke tsayawa.

Matsala ta biyu ta fi ta farko wuyar ganewa, kuma ita ce ta fi cin mutane.

Idan ka buɗe manhaja a gida ka ga sunan lasifikarka ya fito da kansa, ba wani ne ya rubuta wa wayar adireshinta ba. Wayar ce take yin kira ga kowa da kowa a kan layin, tamkar mutum ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya ya ce, "Ina mai lasifika a nan?" ita kuma ta amsa daga ɗaki, "Ga ni, ga adireshina." A gidan mutum goma wannan ba ya damun kowa. To a ɗauka tsakar gidan nan mutum dubu goma ne a cikinta, kowa yana irin wannan kira a kai a kai, kowace talabijin da firinta da lasifika tana amsawa. Abin da jami'a take gudu ke nan.

Kiran yana da ƙa'idoji biyu da suka fi yawa. Ɗaya ita ce mDNS, wadda Apple ta fito da ita a 2002 da sunan Rendezvous, ta sauya mata suna zuwa Bonjour a 2005. Da ita Chromecast da AirPlay, wato tsarin Apple na tura sauti da bidiyo daga waya, suke nemo na'urori, kuma tana aika kiranta ne zuwa adireshi na musamman, 224.0.0.251. Ɗayar ita ce SSDP, wadda Sonos ta daɗe tana dogara da ita, mai amfani da 239.255.255.250. Kiran mDNS da gangan aka tsara shi ya tsaya a cikin ƙaramin yanki ɗaya na layi, ba ya tsallake rauta, wato na'urar da ke haɗa wani yanki na layi da wani. A gida yanki ɗaya ne kacal, don haka ba a jin komai. Jami'a kuwa ta yanka layinta gida-gida, na ɗalibai daban, na ma'aikata daban, na baƙi daban, wani lokaci ma ɗaliban kansu a rarrabe suke. Wayarka tana iya faɗawa wani yanki, lasifikarka wani, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kamu ɗaya ba.

Ko da sun faɗa yanki ɗaya, akwai wani saiti da masu kula da layi suke kunnawa wanda yake killace kowace na'ura, ya bar ta ta yi magana da intanet amma ya hana ta magana da maƙwabciyarta. Da yawansu kuma suna toshe irin wancan kira na kowa-da-kowa ɗungurungum, kuma suna da hujja ta fasaha mai ƙarfi. A Wi-Fi, saƙon da aka aika wa mutum ɗaya yana tafiya da iyakar saurin da na'urarsa za ta iya ɗauka. Saƙon da aka aika wa kowa kuwa a al'ada da mafi ƙarancin sauri ake aika shi, don na nesa ma ya ji, wani lokaci megabit 1 ko 6 a daƙiƙa a layin da yake iya ɗaukar ɗaruruwa. Muddin ana aika shi, sauran na'urorin da ke kan tashar jira suke yi. Idan irin wannan ya yi yawa, ɗalibar da ke ƙoƙarin tura aikinta kafin sha biyun dare ita za ta ji a jikinta, ba ta kuma san dalili ba.

Wannan ƙorafi ba sabo ba ne. Tun a 2012 ma'aikatan sadarwa na jami'o'i da dama, musamman a Amurka, suka haɗa takardar koke zuwa ga Apple suna neman ta gyara Bonjour da AirPlay su dace da manyan layuka, domin malamai suna kawo Apple TV aji suna neman a sa musu ta yi aiki. Wato su kansu masu kula da layin sun daɗe suna fama da abin, ba su ne suka ƙirƙire shi don su takura wa ɗalibi ba.

Sai batun tsaro, wanda a ganina shi ne ya kamata ɗalibi ya fi fahimta, don shi ake karewa. Yawancin lasifikokin nan ba sa tambayar wanda yake ba su umarni ko shi wane ne. Kasancewarsa a kan layin ta wadatar. Da jami'a za ta buɗe komai, duk wanda ke hostel ɗin zai ga lasifikarka a wayarsa, ya iya kunna abin da ya ga dama a ɗakinka da ƙarfe uku na dare, ya ƙure murya. A ƙarshen 2017 masu bincike na kamfanin Trend Micro sun nuna cewa wasu lasifikokin Sonos da Bose da aka bari a buɗe ga intanet, ana iya sa su kunna sauti daga ko'ina a duniya. Kuma ƙananan na'urori masu hawa intanet sun riga sun yi ƙaurin suna. Manhajar ɓarna ta Mirai ta mamaye dubban kyamarori da rautoci masu kalmar sirrin da aka fito da su da ita daga masana'anta, kuma da ita aka kai wa kamfanin Dyn, wanda manyan shafuka suke dogara da shi don a same su a intanet, hari ranar 21 ga Oktoba 2016, har Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa a Amurka. Ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta Mirai, Paras Jha, ya taɓa zama ɗalibi a Jami'ar Rutgers ta Amurka, kuma ya amsa laifin kai wa layin makarantar tasa hare-hare. A 2018 kotu ta umarce shi ya biya dala miliyan 8.6. Ma'aikacin da ya san wannan tarihi, ba za a zarge shi ba idan ya yi ɗari-ɗari da duk wata na'urar da ba shi ya saita ta ba.

A nan akwai wani bambanci da zai taimaki mai niyyar saye. Ba duk lasifikoki ne suke buƙatar ganin waya ba. Amazon Echo, wadda ta fito a 2014, idan ka yi mata magana tana tura muryarka ne zuwa sabar Amazon, amsa ta dawo ta intanet, waƙa ma ta can take zuwa. Da zarar ta samu hanyar shiga layi, yawancin aikinta zai tafi ko da an killace ta. Chromecast da AirPlay da tsarin Sonos kuwa, ginshiƙinsu shi ne waya ta ga na'ura a kusa. Shi ya sa za ka tarar da ɗalibai biyu a bene ɗaya, ɗaya tasa tana aiki, ɗayan tasa da ta fi tsada tana zaune kamar ado.

To mece ce mafita? Kafin komai, a tambayi sashen IT na makarantar. Na san ba wannan ce amsar da mutum yake son ji ba, amma jami'o'i da yawa a Turai da Amurka suna da layi na daban da suka ware wa irin waɗannan kaya, wato na'urorin wasa da talabijin da lasifika, kuma ɗalibai da dama ba su san da shi ba sai sun nema. Yadda aka saba yi shi ne ka shiga wani shafin makaranta da sunanka, ka yi wa na'urar rajista da adireshinta na MAC. Wannan lamba ce mai haruffa da alƙaluma 12, biyu-biyu, wadda ake samu a 'yar takardar da aka manna a ƙasan lasifikar ko a jikin kwalinta, da rubutu ƙanana har sai ka haska fitilar waya. A lura, na'urar da take da gurbin kebul tana iya zama da lamba biyu, ɗaya ta kebul ɗaya ta Wi-Fi, kuma idan ka rubuta wadda ba ita ba, rajistar ba za ta yi amfani ba.

Rajista tana buɗe ƙofar farko ne kawai. Tambayar da ya kamata a yi wa ma'aikacin ita ce: wayata za ta iya ganin na'urar bayan na yi rajista? A wasu makarantun amsar a'a ce, a wasu kuma sai ka ɗora wayar ma a kan wancan layin. Idan haka ne, akwai wani tarko. Daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna nuna wa kowane Wi-Fi lambar MAC ta aro maimakon ta ainihi, don kare sirrin mai su. Wanda ya yi rajista da lambar ainihi alhali wayar tana nuna ta aro, layin ba zai gane shi ba, sai ya shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin ya kashe lambar aron.

Makarantun da suka ɗauki abin da muhimmanci sun wuce nan. Kamfanonin da ke sayar musu da kayan sadarwa, irin su Cisco da Aruba da Ruckus, duk suna da hanyar ba kowane ɗalibi kalmar sirrinsa ta kansa a kan Wi-Fi mai suna ɗaya. Ita lasifika tana ganin Wi-Fi irin na gida ne, ta shiga ba gardama, shi kuma layin ya san kalmar ta wane ce. Akwai kuma tsare-tsare kamar AirGroup na Aruba, waɗanda suke karɓar wancan kira su miƙa shi ga na'urorin mai kiran kaɗai. Wayarka ta ga lasifikarka, ta maƙwabcinka ta ga tasa, ba wanda ya shiga gonar wani. Tunda fasahar tana nan, ra'ayina shi ne jami'ar da take karɓar kuɗin haya daga ɗalibi wata tara a shekara bai kamata ta tsaya a kan "ba ma tallafa wa wannan" ba. Ɗakin hostel ba ɗakin gwaje-gwaje ba ne, nan ne gidan yaron nan a ƙasar da ba shi da kowa, kuma abin da zai saurara ya rage masa kewa ba ƙaramin abu ba ne. Hujjar tsaro gaskiya ce, amma ta daina zama uzurin ƙin yin komai.

Idan ɗakin yana da gurbin kebul a bango, wasu suna jona lasifikar kai tsaye. Hakan yana iya ba ta intanet, wani lokaci bayan rajista, sai dai layin bango da na Wi-Fi galibi yankunansu daban, don haka matsalar ganin juna tana nan daram.

Dabarar da ta fi yawo a bakin ɗalibai ita ce a sayi ƙaramar rauta, a jona ta a bango ko a sa ta hau Wi-Fi ɗin makaranta da sunan ɗalibin, ita kuma ta buɗe ƙaramin Wi-Fi na ɗaki inda waya da lasifika za su haɗu. Ta fuskar fasaha tana aiki, ba zan ɓoye ba. Amma ba na ba kowa shawarar ya yi ta a ɓoye. Dokokin yawancin jami'o'i sun hana, kuma na'urorinsu suna iya gano baƙuwar rauta su rufe gurbin ko asusun. Duk abin da wani ya aikata ta cikinta kuma, da sunanka zai fito a rajista. Bayan haka akwai haƙƙin maƙwabta. A zangon 2.4 GHz, wanda ƙananan na'urori da yawa suke amfani da shi, tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma injiniyoyin makaranta sun riga sun raba su tsakanin na'urorinsu da lissafi. Kowace rauta da aka ƙara tana cin rabon wani. Mafi muni shi ne wanda ya kuskure ya soka kebul ɗin bango a ramin LAN, na na'urorin ɗaki, maimakon na WAN, inda intanet ke shigowa: inda ba a sa kariya ba, rautarsa za ta fara raba wa kwamfutocin maƙwabta adireshin da ba ya kai su ko'ina, bene guda ya rasa intanet saboda mutum ɗaya. Wanda yake ganin rauta ce kaɗai mafitarsa, ya je ya nemi izini. Akwai wuraren da ake bayarwa da sharaɗi.

Saura hanyoyi biyu da ba su taɓa layin makaranta ko kaɗan, kuma su ne ɗaliban jami'o'inmu na gida suka daɗe a kai, tunda da yawansu da datar waya ko MiFi suke rayuwa. MiFi cikakken Wi-Fi ne irin na gida, mai kalmar sirri ɗaya, don haka lasifika da waya za su hau su ga juna. Kuɗin data ne abin lissafi: sauti mai nauyin kilobit 160 a daƙiƙa yana cin kusan megabayit 72 a awa, mai 320 kuma 144. Idan hotsifot ɗin waya za a yi amfani da shi, sau da yawa sai an ari waya ta biyu lokacin saitawa, domin wadda take raba intanet ɗin ba kasafai take iya yin saitin a lokaci guda ba.

Ɗaya hanyar ita ce Bluetooth, wadda ba ruwanta da rajista ko sunan shiga. Iyakarta kusan mita 10 ne, kuma sautin ta wayar yake bi, idan kira ya shigo sai karatu ya tsaya, amma ga ɗaki ɗaya ta wadatar. A dai duba kafin a biya kuɗi, don ba kowace lasifikar Wi-Fi ce take karɓar sauti ta Bluetooth ba. Sonos One ta 2017 ba ta yi. Sai a Move ta 2019 kamfanin ya fara sakawa, sannan Roam a 2021 da Era 100 a 2023. Lasifikokin Echo da Nest suna da shi, sai dai suna buƙatar a fara saita su da Wi-Fi tukuna. Ga Echo, ana iya yin wannan saitin na farko da hotsifot ko a gidan wani ɗan'uwa da ke zaune a cikin gari, a haɗa lasifikar da wayar ta Bluetooth tun a can, sannan a dawo da ita hostel.